Doki na Huɗu: Yadda Na Sayi Dokin Gasar Ibentin a Ingila

A gidan da na tashi a birnin Katsina akwai barga mai turke uku, kuma kawuna, wan mahaifiyata, shi ne mai dawakin. A hannunsa na koyi ɗaura sirdi da jan majayi, da yadda ake jiƙa dusa da kanwa, da fita ƙilisa idan an yi la'asar. Saboda haka da aiki ya kawo ni Ingila, na zauna a wani ƙauye kusa da Lesta ina aikin harhaɗa magunguna, ban taɓa tantamar cewa na san doki ba. Na shekara shida ina hawan dawakin haya a wata makarantar koyon hawa kafin in yanke shawarar sayen nawa, kuma neman nan ya ci mini wata bakwai, da tafiye-tafiyen da ban ƙirga ba, da kuɗin likita sau biyu.

Abin da ya ja ni shi ne wata ziyara da muka kai gasar Burghley, wadda ake yi kowace shekara a farkon Satumba kusa da garin Stamford tun 1961. Ita da ta Badminton, wadda aka fara a 1949, su ne manyan gasannin ibentin na ƙasar. Wasan kansa daga wajen sojoji ya samo asali, domin gwaji ne na dokin yaƙi, kuma da aka shigar da shi wasannin Olamfik a 1912 hafsoshin soja kaɗai ke shiga. Doki ɗaya da mahayi ɗaya ne za su bi matakai uku. Na farko shi ne diresaj, inda doki zai yi tafiya da sassarfa da ƙaramar sukuwa a cikin ƙaramin fili bisa wani tsari da aka haddace, alƙali yana duba ladabinsa da laushin jikinsa. Na biyu, a gasar yini ɗaya, shi ne tsallaken sanduna, waɗanda an ɗora su ne kawai, da kofato ya shafe su sai su faɗi. Na uku kuwa, wanda shi ne zuciyar wasan, sukuwa ce a daji, a kan tudu da gangara, ana tsallake gungume da rami da shingen katako, ana faɗawa cikin ruwa a fita ta ɗaya gefen. Waɗannan shingaye a kafe suke, ba sa faɗuwa don doki ya taɓa su.

A nan wahalar sayen irin wannan doki take. Ana neman dabbar da za ta kwantar da kai kamar ɗalibi a gaban malami da hantsi, ta yi takatsantsan da ƙafafunta a kan sanduna da azahar, sannan bayan rabin sa'a ta fuskanci ramin da ba ta taɓa gani ba ta tsallake shi ba tare da shawara ba. Dokin da ya cika zafi yana lalata matakin farko, wanda ya cika taka tsantsan yana turjewa a daji, wanda kuma ya saba ƙwanƙwasar gungume ba ya jin komai sai ya riƙa zubar da sanduna. Maki na hukunci ake ƙirgawa, mai mafi ƙaranci shi ne ya ci: sanda ɗaya idan ta faɗi maki 4 ne, turjiya ɗaya a daji maki 20, kowace daƙiƙa da aka ƙara a kan lokacin da aka tsayar maki 0.4, faɗuwar mahayi kuwa fita ce daga gasar gaba ɗaya.

Malamata a makarantar hawa, wata dattijuwa da ta haura shekara sittin, wadda ta yi wasan a ƙuruciyarta har ta karya ƙashin wuya sau biyu, ita ce ta zaunar da ni kafin in buɗe talla ko ɗaya. Ba ta tambaye ni irin dokin da nake so ba. Ta tambaye ni kwana nawa a mako zan iya hawa, da nauyina, da tsayin shingen da na taɓa tsallakewa ban rufe ido ba, da abin da zan yi idan dokin ya kwanta jinya wata uku. Hukumar wasan ta ƙasar, British Eventing, ta raba gasa hawa-hawa: BE80 inda shingen daji ba ya wuce santimita 80, sai BE90, sai BE100, daga nan a shiga matakan ƙwararru har zuwa mita 1.20. Ta ce ni ɗan BE80 ne mai fatan BE90, saboda haka dokin da ya dace da ni shi ne wanda ya riga ya yi wannan aiki har ya gundure shi, mai shekara takwas zuwa goma sha biyu, wanda zai gyara mini kuskure idan na kawo shi gaban shinge a karkace. Ta kuma soke maganar ɗan dukushi mai shekara huɗu da nake ta zancen zan rena da kaina, ta ce ɗan koyo biyu ba sa koya wa juna tsallake rami.

Abu na farko da ya yi mini nauyi shi ne batun ingarma. A gida namijin doki cikakke muke hawa, mai haniniya da tonon ƙasa, kuma ba na tuna ranar da na ga wani babba ya fito Ƙofar Soro a kan goɗiya. A nan kuwa yawancin bargogin haya ba sa karɓar ingarma ko kaɗan, domin dawaki sake suke a makiyaya, kuma mafi yawan dawakin gasa dandaƙaƙƙu ne ko goɗiyoyi. Na biyu shi ne awo. Ba a cewa doki dogo ne ko gajere, da tafin hannu ake auna shi daga ƙasa zuwa tudun kafaɗa inda geza ta ƙare, kowane tafi inci huɗu. Mai tsayina da nauyina yana bukatar tafi 16 zuwa 16 da inci biyu, wato wajen santimita 163 zuwa 168, abin da ya ɗara yawancin dawakinmu na gida nesa ba kusa ba. Na ware fam dubu goma sha biyu, malamata kuma ta sa na cire dubu biyu daga ciki na ajiye gefe saboda likita da sirdi da mota.

Tallan dawaki yana da nasa yare, kuma sai da na ɓata makonni kafin in iya jin abin da ba a faɗa ba. Idan aka rubuta cewa doki ba na ɗan koyo ba ne, to yana da tutsu. Idan aka ce yana son aiki kullum, ma'anarsa ranar da ya kwana biyu ba a hau shi ba sai Allah ya kiyaye. Idan aka ce ana hasashen zai kai babban mataki, to bai yi komai ba tukuna. Abin da ya cece ni shi ne cewa duk dokin da ya taɓa shiga gasar British Eventing tarihinsa yana nan a shafinsu na intanet, kowa na iya dubawa: ranar gasa, da wurin, da wanda ya hau shi, da makin kowane mataki. Malamata ta koya mini in fara duba layin daji kafin komai. Sifili a jere shi ne abin nema. Maki 20 ɗaya a cikin gasa goma sha biyar ba laifi ba ne, amma idan suna maimaituwa, ko harafin da ke nuna an fitar da doki ya yawaita, to a bar shi. Ta kuma nuna mini wasu abubuwa biyu da ni kaɗai ba zan lura da su ba. Idan doki ya ɓace daga gasa shekara guda cur, a tambayi dalili, domin sau da yawa jijiyar ƙafa ce ta samu rauni. Idan kuma duk sakamakon nan mai kyau a ƙarƙashin ƙwararren mahayi aka samu, to bai gaya mini komai ba game da abin da dokin zai yi da ni a bayansa.

Duk da wannan karatu, dokin farko da na je gani idona ne ya zaɓe shi. Akawal ne baƙi wuluk, mai fari biyar, wuyansa a lanƙwashe, jinin dawakin Jamus, irin wanda da a Katsina ne sai an tsaya kallonsa ranar hawan sallah. An ba mu ƙarfe goma sha ɗaya, malamata ta ce mu isa goma da rabi. Muka tarar da wani saurayi yana zagaya da shi a kan doguwar igiya, gumi ya riga ya jiƙa masa wuya, wato ana sauke masa zafin kai kafin baƙi su iso. Ban damu ba. Na hau shi a fili, sassarfarsa kamar ana ɗauke da ni a kan katifa, ya tsallake sanduna da rara mai yawa. Sai malamata ta roƙi a kai mu bayan gona inda suke da ɗan kududdufin atisaye. Ruwan bai kai gwiwar mutum ba. Dokin ya tsaya cak kamar taku goma kafin bakin ruwan, ya hura hanci, ya ja da baya, da na matsa masa da dunduniya sai ya miƙe a kan ƙafafun baya. Mai shi ta ce bai taɓa yin haka ba. A mota ina ta kawo masa uzuri, malamata ba ta ce komai ba sai da muka hau babban titi, sannan ta tuna mini cewa maki 20 guda uku da muka gani a tarihinsa mai yiwuwa duk a bakin ruwa aka same su. Kyan ɗan maciji ke nan, amma na yi kwanaki ina buɗe hotonsa a waya.

Na biyu ba zan daɗe a kansa ba. Tsohon dokin tsere ne da aka sake wa horo, farashinsa bai kai rabin abin da na ware ba. Irin wannan jini yana da daraja a wasan saboda gudu da juriya, kuma akwai ƙungiya sukutum mai suna Retraining of Racehorses da ke kula da sauya musu sana'a. Matsalar ita ce dokin tsere an koya masa cewa jan linzami alama ce ta a ƙara wuta. Da muka fita makiyaya na ja shi kamar yadda na saba a gida, sai ya dafe linzamin ya tafi da ni, sai da muka zagaya filin sau biyu kafin ya ga dama ya tsaya. A ƙananan matakai ma har hukunci ake yi wa wanda ya yi saurin da ya wuce kima. Doki ne nagari, amma ba nawa ba.

Ta uku ita ce ta ƙona mini rai. Goɗiya ce hurde mai shekara tara, haihuwar Ailan, daga jinsin da ake kira Irish Sport Horse, wanda asalinsa gaurayen dokin tsere ne da dokin noma na ƙasar, kuma ya daɗe yana cikin jinsunan da suka fi suna a wannan wasa. Wata ɗaliba ce ke da ita, za ta tafi jami'a. Na je sau biyu. Na kamo ta da kaina daga makiyaya, na share ta, na ɗaga kofatanta huɗu, na ɗaura mata sirdi, na fita da ita kan titi motar noma ta wuce mu ko kunne ba ta kaɗa ba. A filin atisaye ta shiga ruwa kamar mai komawa gida. Duk ra'ayina game da goɗiya ya rushe a wannan yammaci. Muka daidaita a kan farashi, na ba da kafin alƙalami bisa sharaɗin za a mayar mini idan likita bai gamsu ba, kuma wannan sharaɗi na sa an rubuta shi a saƙo, ban bar shi a fatar baki ba.

Binciken likita kafin saye iri biyu ne a Ingila, akwai mai mataki biyu, akwai mai mataki biyar, kuma ga dokin gasa mai mataki biyar ɗin ake yi, kamfanonin inshora ma sukan nemi takardarsa idan kuɗin dokin ya yi yawa. Mai saye ne yake ɗaukar likitan ya biya shi, kuma ana so ya zama ba likitan da ke duba dawakin mai sayarwa ba. Na ɗauki hutu a wurin aiki na je na tsaya a kai. Likitar ta fara da goɗiyar a cikin ɗaki: ta karanta 'yar na'urar shaida da aka dasa mata a wuya ta gwada lambar da ta cikin fasfo, wato takardar shaidar doki, ta duba haƙora, ta saurari zuciya da huhu, ta sa aka rufe ƙofa ta haska cikin idanu a duhu, sannan ta bi jikin da tafin hannu tun daga kunne har kofato, tana tsayawa a kan kowace jijiya. A mataki na biyu aka fito da ita kan siminti, aka yi tafiya da sassarfa da ita a miƙe. Daga nan likitar ta riƙa ɗaga ƙafa ɗaya bayan ɗaya, ta lanƙwashe ta riƙe kamar minti guda, da ta saki sai a ruga da dabbar, domin idan akwai ciwo a gaɓa nan zai bayyana. Duk wannan ta wuce lafiya.

Sai aka sa ta sassarfa a ƙaramin da'ira a kan ƙasa mai tauri. Ta hannun dama ba komai. Da aka juya ta hagu, na ga likitar ta karkata kai, ta ce a sake. Ni ban ga komai ba da farko, sai da ta ce in bar kallon ƙafa in kalli kai: duk lokacin da ƙafar gaba ta hagu ta taɓa ƙasa, kan goɗiyar yana ɗan ɗagawa sama, kaɗan ƙwarai, kamar mai amsa gaisuwa daga nesa. Da na rufe ido ma sai na ji sautin kofatan bai daidaita ba, ɗaya ya fi ɗaya nauyi. Likitar ta tambaye ni ko a ci gaba, na ce a ɗauki hoton ƙashin kofatan gaba, ko da yake wannan ƙarin kuɗi ne. Hoton ya nuna sauyi a wani ɗan ƙashi da ke can cikin kofato ta wajen dunduniya. Ta yi mini bayani cewa ita ba ta cewa doki ya ci ko ya faɗi, abin da take rubutawa shi ne ko abin da ta gani zai hana dabbar aikin da aka saye ta dominsa. Ga mai yawon shan iska a ƙarshen mako, goɗiyar za ta iya shekaru. Ga mai sukuwa da tsalle a kan busasshiyar ƙasar watan Yuli, ba za ta sa hannu ba. Yarinyar ta fashe da kuka, kuma na yarda har zuciyata ba ta san da ciwon ba. An mayar mini da kafin alƙalamina a ranar, kuɗin likita da na hoto kuwa sun tafi.

Da daddare na kira Kawu. Na zayyana masa komai, har da cewa ina tunanin in saye ta haka nan idan sun rage kuɗi. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, “Kai yaro, a wurina ka ga ana fara duba doki ta fuska?” Na ce a'a, Kawu. Ya ce, “To me ya kai ka? Ƙafa ake saye, sauran duk gyara ne aka ba ka.” Sai na tuna yadda yake yi idan dillali ya kawo doki ƙofar gida: ba ya ko kallon sama, sai ya tsuguna ya shafa agara, ya ƙwanƙwasa kofato, ya sa yaro ya ja dokin a kan tsakuwa shi kuma ya juya baya yana saurare. Abin da likitar nan ta yi da na'urori ke nan. Ni ne na riƙe kwalliyar hawan sallah na manta da tsugunon.

Na yi wata biyu ban je ganin doki ba. An ba ni shawarar in tsallaka Ailan, inda ake gwanjon dawaki a Goresbridge cikin yankin Kilkenny, amma a gwanjo mutum ba ya samun damar komawa sau biyu ko uku, kuma ga mai idona wannan cinikin biri a sama ne. Dokin da na saya daga ƙarshe ba a ma tallata shi ba. Mai yi wa dawakin makarantarmu takalmi ne ya gaya wa malamata cewa wata ma'aikaciyar jinya a yankin Derby tana da juna biyu kuma tana neman wanda zai karɓi dokinta.

Da na gan shi, gaskiya gwiwata ta yi sanyi. Bikili ne mara wata alama, mai ƙaton kai da kunnuwa kamar na alfadari, dandaƙaƙƙe, shekararsa goma, tsayinsa tafi 16 da inci ɗaya, shi ma haihuwar Ailan. Yana tsaye a makiyaya da taɓo har ciki, leɓensa na ƙasa a sake. Amma wannan karon daga ƙasa na fara. Kofatansa faffaɗa ne kuma biyun gaba girmansu ɗaya, ƙashin ƙafarsa gajere ne mai kauri, jijiyoyin a bushe suke sarai babu kumburi, ƙirjinsa da zurfi, cinyoyinsa cike. Tarihinsa ya nuna shekara huɗu a jere yana gasa a BE90 da BE100 da wannan mata kaɗai, wadda ba ƙwararriya ba ce, babu shekarar da ya ɓace, kuma turjiya ɗaya tak gare shi a daji. Makinsa na diresaj tsaka-tsaki ne, yana yawo tsakanin 33 da 37, kuma yakan zubar da sanda ɗaya lokaci-lokaci. Matar ta faɗi aibinsa tun ban tambaya ba: ba ya son a taɓa masa kunne, yana ƙin shiga tirela idan shi kaɗai ne, kuma yana da wani tsiro a fatar cikin cinya.

Sassarfarsa ba ta da daɗin ta akawal ɗin nan, tana jijjiga mutum. Abin da ya sa na saye shi ya faru ne a zuwana na biyu, da muka kai shi wani filin atisaye na haya wanda bai sani ba. Na nufi wani gungume da ke kan gangara, na yi kuskuren lissafin taku, na kawo shi kusa fiye da kima, kuma don tsoro na sake linzami na faɗa kan wuyansa. Da dokin farko ne da ya watsar da ni, da na biyu ne da ya tafi da ni. Wannan sai ya ƙara ɗan gajeren taku da kansa, ya tsallake, ya sauka, ya rage gudu har na koma cikin sirdi na nemo likkafata, sannan ya miƙa kunnuwan nan nasa gaba yana neman shinge na gaba. Na waiwaya na ga malamata tana dariya, ta ɗaga mini hannu ta ce in kira likita.

Wannan karon an kammala matakai biyar ɗin. Bayan gwajin siminti da da'ira, na hau shi na yi sukuwa da shi har numfashinsa ya ɗaga, likitar tana tsaye a gefe tana sauraron ko zai yi fito ko gurnani idan yana shaƙar iska, domin manyan dawaki sukan samu shanyewar wani ɓangare na maƙogwaro, kuma dokin da iska ba ta isarsa ba zai kai ƙarshen daji ba. Ta sake sauraron zuciya nan take, aka bar shi ya huta kamar rabin sa'a, aka sake sa shi sassarfa don a ga ko aikin ya tayar da wani ɗingishi da ke ɓoye. Ta kuma ɗebi jini, wanda ake ajiyewa wata shida, saboda idan doki ya canza hali ko ya fara ɗingishi bayan saye a iya bincika ko an ba shi maganin kashe zafi ko na kwantar da hankali a ranar. A matsayina na mai harhaɗa magunguna wannan tsari ya burge ni fiye da komai. Ta rubuta abu biyu: tsohon ƙullutun ƙashi a ƙafar gaba wanda ya riga ya daskare, da tsiron nan na cinya, wanda ta ce yana iya girma ko ya ƙaru, amma ba ya inda majayi ko sirdi ke gogawa. Kamfanin inshora ya karɓi dokin ya cire duk abin da ya shafi tsiron daga abin da zai biya.

Cinikin bai ɗauki minti biyar ba, abin da har yanzu yake ba ni mamaki. Babu dillali, babu albarka, babu tafiya a dawo. Mai dokin ta sa fam 9,500, na kawo maganar tsiron na taya 8,500, muka tsaya a 9,000. Da daga ɗan kasuwar dawaki na saya, da doka ta fi ba ni kariya, domin dokar kare masu saye ta 2015 ta ba wanda ya saya daga ɗan kasuwa damar mayar da kaya cikin kwana 30 idan ba su cika yadda aka siffanta su ba, alhali saye daga mai shi kai tsaye ido ne kawai jarin mutum. Don haka na rubuta rasit mai ɗauke da sunan dokin da lambarsa da shekarunsa, da cewa ba ya gwaguyar katako yana haɗiyar iska, ba ya rangaji a bakin ƙofa, ba a taɓa yi masa allura a gaɓa ba, muka sa hannu mu biyu. Ta miƙo mini fasfonsa, na duba shafin allurar mura na ga ba a tsallake ko ɗaya ba, domin ba a barin doki shiga gasa idan wannan shafi bai cika ba, kuma a makon na aika da shi a sauya sunan mai shi, abin da doka ta ba kwana 30 a yi.

Ranar ɗauko shi sai da muka yi minti arba'in a bakin tirela, kamar yadda matar ta faɗa, har sai da aka shigar da wani ɗan ƙuru ya yi masa rakiya. Makonni biyu na farko ya ƙi cin abinci sosai, yana ta kai da komo a bakin shinge yana haniniya, ya kuma taka mini ƙafa har farce ya fita. Sirdin da na saya tun kafin in samu doki bai zauna a bayansa ba, mai gyaran sirdi ta zo ta auna ta ce a sayar a sayi wani, dubu biyun da malamata ta sa na ajiye suka ƙare a nan.

Mun shiga BE80 ta farko a watan Afrilu. Mun samu 36 a diresaj, na zubar da sanda ɗaya wadda laifina ce, muka fita daji ba turjiya amma da makin jinkiri, saboda na riƙe shi fiye da yadda ya kamata a rabin farko. Na tura wa Kawu bidiyon ta wayar ɗansa. Washegari ya aiko da saƙon murya, bai ce komai a kan tsallen ba. Ya ce kan dokin ya yi girma, ya tambayi abin da nake ba shi a maimakon harawa, sannan ya ce in sa a sake ɗauko masa ƙafafun gaba daga kusa, dokin yana tsaye a kan siminti.